Cinikin maƙwabta ko cinikin duniya: wanne ya fi amfanar aljihunka?

A ranar 7 ga Yulin 2019, a taron shugabannin Afirka da aka yi a Yamai, Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda ake kira AfCFTA. Ko wata biyu ba a yi ba, cikin watan Agusta, sai ga shi ta rufe iyakokinta na ƙasa. Daga Seme ta wajen Legas har zuwa Jibiya da Illela da Maigatari, manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya, kuma ba a fara buɗe iyakokin ba sai a Disambar 2020.

In ka ce wannan tufka da warwara ce, ba ka yi laifi ba. Amma akwai dalili a ƙarƙashinta, kuma dalilin ya taɓo wata muhawara da masana tattalin arziki suka shafe fiye da shekara 70 suna yi: shin ya fi wa ƙasa ta rage kuɗin fito ga kowa da kowa a duniya daidai wa daida, ko kuwa ta ware maƙwabtanta ta yi musu rangwame su kaɗai? Amsar tana da hannu a farashin shinkafar da ka saya jiya, da kuma ko masaƙar garinku za ta sake tashi. Bari mu bi ta daki-daki.

Hanyoyi biyu na buɗe kasuwa

Hanya ta farko ita ce ta teburin duniya. A 1947 ƙasashe 23 suka sa hannu a Jeniba kan wata yarjejeniyar haraji da ciniki mai suna GATT, wadda a ranar 1 ga Janairun 1995 ta rikiɗe ta zama Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wato WTO. Yau tana da mambobi 166, kuma tun Maris na 2021 'yar Najeriya Ngozi Okonjo-Iweala ce ke shugabantarta. Ginshiƙin ƙungiyar ƙa'ida ɗaya ce mai sauƙin faɗa: rangwamen da ka yi wa mamba ɗaya, ka yi wa dukkan sauran. Idan Najeriya ta rage kuɗin fiton babura 'yan Japan, dole ragin ya shafi 'yan Indiya da 'yan Chaina. Babu ɗan mowa, babu ɗan bora.

Hanya ta biyu ita ce ta yanki. Ƙasashe 'yan kaɗan, galibi maƙwabtan juna, su cire haraji a tsakaninsu, su bar shi a kan na waje. Ka ga ke nan wannan ya saɓa wa waccan ƙa'ida kai tsaye. To yaya aka yi aka halatta shi? Sashe na 24 na GATT ne ya buɗe ƙofar, bisa sharaɗi biyu: yarjejeniyar ta shafi kusan dukkan cinikin da ke tsakanin ƙasashen, kuma kada su ƙara wa na waje tsayin katanga fiye da yadda take a da.

Haɗakar yanki hawa-hawa ce. A hawan farko ana cire haraji tsakanin mambobi, amma kowa yana riƙe da nasa harajin a kan kayan waje. A na biyu sai su haɗa harajin waje ya zama bai ɗaya, wato haɗakar kwastan. Daga nan sai kasuwar bai ɗaya, inda mutane da jari ke zirga-zirga ba shamaki, sannan kuɗin bai ɗaya, kamar yuro a Turai ko sefa a ƙasashen UEMOA. Riƙe bambancin hawan farko da na biyu a ranka, za mu dawo kansa.

Me ya sa kowa ya koma wajen maƙwabcinsa?

Saboda teburin duniya ya cije. A WTO ba a yanke shawara sai kowa ya yarda, ƙasa ɗaya tana iya tsayar da komai. A Nuwambar 2001 aka buɗe zagayen tattaunawa na Doha da alƙawarin fifita buƙatun ƙasashe masu tasowa, musamman a harkar noma. Har yau ba a kammala shi ba. Ƙasashe masu arziki sun ƙi sakin tallafin da suke ba manomansu, manyan masu tasowa irin Indiya da Birazil kuma sun ƙi buɗe kasuwanninsu ba tare da sun ga abin da za su samu ba. Aka yi ta taron tsintsiya ba shara. Wani ƙarin ciwon kuma, tun Disambar 2019 sashen ɗaukaka ƙara na ƙungiyar ya daina aiki, saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai.

Da tafiya ta gagara a babban taro, sai kowa ya nemi waɗanda zai iya daidaitawa da su. Yanzu haka yarjejeniyoyin ciniki na yanki da aka sanar wa WTO kuma suke aiki sun haura 350. Sai dai sauƙin ƙullawa daban, amfani daban. A nan ne lissafi ya shigo.

Lissafin Viner: ƙirƙirar ciniki da karkatar da shi

A 1950 wani masanin tattalin arziki mai suna Jacob Viner ya nuna cewa cire haraji tsakanin maƙwabta yana iya kawo riba, yana kuma iya kawo asara. Ga misali da alƙaluman da muka ƙaga don sauƙin fahimta.

A ce buhun sukari ne. Masana'antar ƙasarku tana yin sa a kan naira 55,000. Maƙwabciyarku tana kawo shi a kan 45,000. Wata ƙasa mai nisa kuma tana kawo shi a kan 40,000, har da kuɗin jirgi.

Hali na farko: gwamnatinku ta sa harajin kashi 50 cikin 100 a kan duk sukarin waje. Na nesa ya koma 60,000, na maƙwabciya 67,500, don haka kowa na gida yake saye a 55,000. Sai aka ƙulla yarjejeniya aka cire wa maƙwabciya haraji, nata ya dawo 45,000. Ka samu rarar 10,000 a kowane buhu, gwamnati kuma ba ta rasa ko sisi ba, tunda da ma ba ta karɓar komai a kan sukarin da ba ya shigowa. Saye ya tashi daga mai tsada ya koma mai araha. Wannan Viner ya kira ƙirƙirar ciniki. Ƙasa ta ci riba, ko da yake masana'antar gida da ma'aikatanta sun shiga uku in ba su gyara aikinsu ba.

Hali na biyu: harajin kashi 20 cikin 100 ne. Na nesa 48,000, na maƙwabciya 54,000, na gida 55,000. Kana sayen na nesa, gwamnati tana karɓar 8,000 a kowane buhu. Sai aka cire wa maƙwabciya haraji, nata ya dawo 45,000, ka koma sayen nata. Kai ka ga sauƙin 3,000 ka yi murna. Amma baitulmali ya rasa 8,000, kuɗin da ake ginin asibiti da biyan malaman makaranta da su. In ka cire 3,000 daga 8,000, ƙasarku ta yi asarar 5,000 a kowane buhu. Da tana biyan na waje 40,000, yanzu tana biyan 45,000 a kan kaya iri ɗaya. Wannan shi ne karkatar da ciniki.

Abin lura a nan shi ne, a hali na biyun ma ciniki tsakanin maƙwabta ya ƙaru, kuma za a iya fitowa a rediyo a yi alfahari da shi. Ƙaruwar ciniki tsakanin mambobi ita kaɗai ba hujja ba ce cewa an ci riba.

An ga wannan a zahiri. Kafin 1973 Birtaniya tana sayen man shanu da naman rago masu araha daga Niyuzilan. Da ta shiga kasuwar tarayyar Turai a wannan shekara, sai tsarin kare manoman Turai ya hau kanta, aka ƙayyade yawan man shanun Niyuzilan da zai shiga, kasuwa ta karkata zuwa na Turai mai tsada. Haka ma ƙungiyar Mercosur, wadda Ajantina da Birazil da Faraguwai da Yurugai suka kafa a 1991. Wani masani a Bankin Duniya, Alexander Yeats, ya duba cinikinsu a ƙarshen shekarun 1990, ya gano cewa kayan da cinikinsu ya fi bunƙasa a tsakanin mambobin, irin su motoci, su ne kayan da ba sa iya gogayya da su a kasuwar duniya. Binciken ya jawo ce-ce-ku-ce, amma ya tabbatar da cewa gargaɗin Viner ba na cikin aji ba ne kawai.

Wannan kaya ɗan ina ne?

Yanzu mu koma kan rufe iyakar 2019. Ka tuna hawan farko, inda kowace ƙasa ke riƙe da harajinta na waje? Matsalarsa a fili take. In harajin ƙasarka a kan wani kaya yana da yawa, na maƙwabciyarka kuma kaɗan ne, ɗan kasuwa mai wayo zai sauke kayan a tashar jirgin ruwan maƙwabciya, ya biya ɗan kaɗan, sannan ya tsallako da su.

Abin da ya faru da shinkafa ke nan. Najeriya ta ɗora haraji mai nauyi a kan shinkafar waje don ta kare manomanta, ta kuma hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa. Harajin Jamhuriyar Benin bai kama ƙafar wannan ba. Sai jiragen ruwa suka riƙa sauke shinkafar Tailan da ta Indiya a Kwatano, fiye da abin da mutanen Benin za su iya ci nesa ba kusa ba, kuma mafi yawanta turararriya ce, irin wadda 'yan Najeriya suka fi so. Daga can wata ta bi ta Seme, wata ta haura Nijar ta gangaro ta Maraɗi da Ƙonni. ECOWAS ta fara aiki da harajin waje na bai ɗaya a Janairun 2015, mai matakai biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Amma an bar wa ƙasashe damar ƙara wasu haraji na kariya, don haka giɓin bai toshe ba. Muddin akwai giɓi, akwai ribar fasa-ƙwauri.

Maganin da yarjejeniyoyi suka tanada shi ne dokar asalin kaya, wadda ke fayyace wane kaya ne ɗan gida da ya cancanci rangwame. A tsarin ECOWAS, amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin suna wucewa ba tare da takardar shaidar asali ba. Albasar Galmi da ragunan Damagaram, a ƙa'ida, ba su da kuɗin fito a Najeriya. Kayan masana'anta kuwa sai an yi musu rajista an nuna cewa a yankin aka sarrafa su, misali ƙimar da aka ƙara a gida ta kai kashi 30 cikin 100 na farashinsu a bakin masana'anta. Shinkafar Tailan da aka sauya wa buhu a Kwatano ba ta cika wannan sharaɗi ba.

Kada ka raina wannan doka, don nan ne ake ainihin kokawar. A yarjejeniyar NAFTA ta Amurka da Kanada da Meksiko, wadda ta fara aiki a 1994, mota ba ta samun rangwame sai kashi 62.5 cikin 100 na ƙimarta daga yankin ya fito. Da aka sake yarjejeniyar a 2020, sai aka ɗaga shi zuwa 75. A AfCFTA ma, motoci da tufafi su ne suka fi jan lokaci wajen daidaitawa. Dalili? In an sassauta, wani zai shigo da yadi daga Asiya, ya ɗinka maɓalli, ya ce rigar Afirka ce. In an tsananta kuma, teloli da masana'antun da ba su da masaƙa a kusa ba za su cika sharaɗin ba, rangwamen ya tsaya a takarda.

Sannan kowace yarjejeniya da tata dokar. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, alal misali, mamba ce a ƙungiyoyin yanki huɗu a lokaci guda: SADC da COMESA da ECCAS da EAC. Masani Jagdish Bhagwati ya kwatanta wannan cakuɗeɗeniya, a 1995, da kwanon taliya: ka ja sili ɗaya, ba ka san inda ya nufa ba. Babban kamfani yana da lauyoyi da akantocin da za su warware masa. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sau da yawa gara ya biya harajin ya huta, ko ya bi ta daji.

Haraji ba shi kaɗai ne katanga ba

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren masu son haɗakar yanki, kuma daga kimiyyar lissafi ta fito. A 1962 Jan Tinbergen, ɗan ƙasar Holan, ya aro tsarin dokar Newton ta ƙarfin janyowa ya gwada a kan ciniki. Ya ga cewa ciniki tsakanin ƙasashe biyu yana ƙaruwa da girman tattalin arzikinsu, yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. Masu binciken da suka biyo baya sun ƙara wasu ma'aunai, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi maimaituwa shi ne harshe: ƙasashen da ke jin maganar juna sun fi ciniki da juna. Ma'ana, maƙwabta da ma can abokan ciniki ne, cire shinge a tsakaninsu sakar wa ruwa hanyarsa ne.

Ɗan kasuwar Kano da na Maraɗi ba sa neman tafinta. Sun san dillalan juna, sun san wa za a ba bashi, kuma kakanninsu fatake sun bi wannan hanya tun kafin a ja iyaka. Amma da zarar magana ta koma ofis, sai harshe ya rabu. Takardun kwastan na wannan gefe da Turanci, na duwan a wancan gefe da Faransanci. Wannan naira, wancan sefa. Kamfanin da ke son kai kaya Abijan daga Kaduna sai ya tanadi kwangila da tambarin kaya cikin Faransanci, da ma'aikacin da zai iya amsa waya a fahimci juna. Ga shingayen kan hanya, inda kowane tsayawa kuɗi ne da lokaci. Duk waɗannan haraji ne da ba a rubuta a littafin kwastan ba.

Shi ya sa alƙaluman hukuma ke nuna cewa cinikin ƙasashen Afirka da junansu bai wuce wajen kashi 15 cikin 100 na cinikinsu ba, alhali a Asiya ya haura rabi, a Turai kuma ya haura kashi 60. Ka dai sani cewa wannan adadi bai ƙirga yawancin shanu da hatsin da ke ratsa iyaka ba tare da takarda ba. Ƙoƙarin da ake yi na rage wannan nauyi ya haɗa da tsarin biyan kuɗi na PAPSS, wanda aka ƙaddamar a Akra a Janairun 2022 domin ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa ba sai ya nemi dala ba.

Abin da maƙwabta ba za su iya yi maka ba

To in haka ne, me ya rage wa WTO? Ɗauki auduga. A taron Kankun na 2003, ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka kai kuka cewa tallafin da ƙasashe masu arziki, musamman Amurka, ke ba manoman audugarsu yana karya farashi a kasuwar duniya. Babu wata yarjejeniyar Afirka ta Yamma da za ta iya taɓa wannan, domin mai ba da tallafin ba ya cikin yankin. A WTO ne Birazil ta kai Amurka ƙara a kan audugar ta yi nasara, har aka sasanta a 2014 Amurka ta biya dala miliyan 300. A taron Nairobi na 2015 kuma mambobi suka amince a daina ba da tallafin fitar da amfanin gona. Ƙaramar ƙasa ba ta da wani zauren da za ta zauna da Amurka ko Chaina a ƙarƙashin doka ɗaya in ban da wannan. Lalacewarsa ita ta fi cutarwa, domin babba yana da ƙarfin da zai ƙwaci nasa ko babu alƙali.

Abu na biyu, yarjejeniyar yanki a ɗaure take da siyasar yanki. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, kasuwannin Jibiya da Illela da Ƙonni suka ji a jikinsu, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar kayansu da mutanensu bisa tsohon tsari kafin a daidaita. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 ta koma mambobi 12. Ɗan kasuwar da ya gina jarinsa a kan rangwamen yanki ya ga yadda rigimar da ba shi ya haɗa ta ba za ta iya tsayar masa da mota.

To wanne ya fi?

Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko ƙungiyoyin yanki tubalin gina kasuwar duniya ne ko kuwa dutsen tuntuɓe. Abin da lissafin Viner ya koya mana shi ne, amsar tana ga yadda aka gina kowace yarjejeniya. Ita AfCFTA, wadda aka sa wa hannu a Kigali a Maris na 2018 kuma ƙasashe 54 cikin 55 suka shiga, ta yi alƙawarin cire haraji a kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya sannu a hankali. Girmanta abin ƙarfafa gwiwa ne, domin gwargwadon faɗin kasuwa, gwargwadon yiwuwar mai yin kaya da araha yana cikinta, sai haɗarin karkatar da ciniki ya ragu.

Don haka duk ranar da ka ji an ƙulla wata sabuwar yarjejeniyar ciniki, ga tambayoyi uku da za ka auna ta da su. Na ɗaya, yaya tsayin harajin da aka bar wa na waje? In ya yi tsayi sosai, akwai yiwuwar kai mai saye ne za ka biya tsadar kayan maƙwabci, 'yan fasa-ƙwauri kuma su ci moriyar giɓin. Na biyu, dokar asalin kaya mai sauƙi ce da mai ƙaramar masana'antar sabulu ko takalmi zai iya cikawa, ko sai mai lauya? Na uku, me ya canza a bakin iyaka: kwana nawa mota ke yi, takarda nawa ake cikewa, shinge nawa ke kan hanya? Waɗannan za ka iya tambayar direban babbar mota ko dillalin kwastan a garinku, kuma amsarsu za ta faɗa maka ko yarjejeniyar ta sauko daga takarda ta shigo kasuwa.